Concorde: Jirgin da ya ninka sauti gudu, wanda yanzu sai a wasan kwamfuta ake tuƙa shi

A ranar 30 ga watan Yunin 1973 an yi husufin rana wanda duhunsa ya ratsa hamadar Sahara. A arewacin Jamhuriyar Nijar, inda ya fi daɗewa, wata ya rufe rana ɗungurungum na tsawon minti bakwai da 'yan daƙiƙoƙi.

Amma akwai wasu mutane ƙalilan da suka shafe minti 74 a cikin wannan duhu. Masana taurari ne daga Faransa da Birtaniya da Amurka, suna cikin jirgin Concorde na farko da aka ƙera, wanda aka huda wa tagogi a rufi saboda na'urorinsu.

Matuƙin jirgin, André Turcat, ya taso daga tsibirin Gran Canaria, ya tari inuwar wata a sararin Mauritaniya, ya yi ta tsere da ita ta kan Mali da Nijar da gudun da ya ninka na sauti sau biyu, sannan ya sauka a babban birnin Chadi.

Yau wannan jirgi yana ajiye a gidan tarihi na Le Bourget da ke gefen birnin Paris. Sauran 'yan'uwansa ma babu wanda ya sake tashi tun shekarar 2003, kuma har yanzu babu jirgin fasinja ko ɗaya a duniya da ke jigila da gudun da ya wuce na sauti.

Hanya ɗaya ta rage ga mai son sanin yadda ake tuƙa shi, wato manhajojin kwaikwayon tuƙin jirgi na kwamfuta da waya. Ta wannan hanya, matashin da ke zaune a Dodoru cikin ƙaramar hukumar Gwandu, ko a Kalgo, wanda wataƙila bai taɓa taka matakalar jirgi ba, zai iya bin sawun Turcat daga ɗakinsa.

Wanda ya ɗauki abin da muhimmanci zai fito da darasi guda: gudu ba kyauta ba ne, dole wani ya biya. Wasan yana nuna wani ɓangare na kuɗin. Sauran ɓangaren, wanda ya fi shafar garuruwa irin su Dodoru, ba ya nuna shi.

Wane irin jirgi ne?

Birtaniya da Faransa ne suka haɗa kuɗi da ƙwararru suka ƙera Concorde, bisa yarjejeniyar da suka sa wa hannu a watan Nuwambar 1962. Ya fara tashi ranar 2 ga Maris 1969 a birnin Toulouse, ya kuma fara ɗaukar fasinja ranar 21 ga Janairun 1976.

A wannan rana jirage biyu ne suka tashi a lokaci guda. Na British Airways ya nufi Bahrain daga Landan, na Air France kuma ya nufi Rio de Janeiro ta ƙasar Brazil, ya ya da zango a Dakar domin shan mai. Ke nan tun ranar farko Afirka ta Yamma tana cikin labarinsa.

Guda 20 kacal aka ƙera, 14 daga ciki suka yi jigila. Tsawonsa ya kusa mita 62, amma siriri ne, fasinja 100 kawai yake ɗauka.

Sauti yana tafiyar kimanin kilomita 1,235 a awa a nan ƙasa, can sama inda ake tsananin sanyi kuma yakan ragu zuwa kusan 1,060. Matuƙa suna auna gudu da ma'aunin Mach, sunan wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Ostiriya. Mach 1 shi ne daidai da sauti. Jiragen da ke kai alhazai Saudiyya ba sa kai wa nan, suna tsayawa wajen Mach 0.85.

Concorde kuwa a Mach 2 yake tafiya, kusan kilomita 2,150 a awa. Tafiyar Landan zuwa New York, wadda sauran jirage ke yi a awa bakwai zuwa takwas, shi awa uku da rabi ta ishe shi. Ranar 7 ga Fabrairun 1996 ya dawo daga New York zuwa Landan a awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59.

Ina ake samun sa?

Koyon tuƙi a ƙasa kafin a hau sama tsohon abu ne. Tun 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera akwatin da ɗalibi ke shiga yana juya shi kamar jirgi. Ita ma na'urar da British Airways ya horar da matuƙan Concorde a cikinta tana nan a gidan tarihi na Brooklands a Ingila, inda baƙi ke biya su gwada.

Na gida kuwa iri-iri ne. Microsoft Flight Simulator, wanda ya fara fitowa a 1982, ya saka Concorde cikin jiragensa a fitowar da aka yi wa laƙabi da 2000. Fitowar watan Agustan 2020 ta zo da taswirar duniya baki ɗaya daga hotunan tauraron ɗan'adam, da filayen jirage dubbai, ciki har da na Kano da Sakkwato. A wannan sai an sayi Concorde daban, kamar wanda kamfanin DC Designs ya fitar a 2022. Masu manhajar X-Plane suna da nasu na Colimata.

Matsalar waɗannan ita ce tsada. Suna buƙatar kwamfuta mai ƙarfi ko na'urar Xbox, da intanet mai sauri, da wutar lantarkin da ba za ta ɗauke ana tsakiyar teku ba. A ƙauyukan Kebbi, inda mutane da yawa ke kai waya shagon caji, wannan ba ƙaramin shinge ba ne.

Akwai masu sauƙi. FlightGear kyauta ce, masu sa kai ne ke gina ta tun shekarun 1990, tana da Concorde mai cikakkun na'urori, kuma idan an sauke jirgin da taswirar yankin za ta yi aiki ba tare da intanet ba. GeoFS kuma a shafin intanet ake buɗe ta, tana aiki a waya, ita ma da nata Concorde, sai dai an sauƙaƙa shi ƙwarai, kuma tana cin data.

Bambancin a nan yake: a sauƙaƙƙen, mutum zai ga gudu. A cikakken ne zai ga abin da gudun ke ci.

Tashi

Abu na farko da ke ba sabon ɗan wasa mamaki shi ne hancin jirgin. Dogo ne mai tsini, yana tare wa matuƙi gani, don haka aka yi shi mai lanƙwasawa. Lokacin tafiya a ƙasa da lokacin tashi ana sunkuyar da shi digiri 5, a sama a miƙe shi, wajen sauka a sunkuyar da shi digiri 12.5.

Na biyu shi ne fiffike. Wanda ya taɓa zama kusa da taga a jirgi ya ga yadda wasu faifai ke zarowa daga fiffike lokacin tashi da sauka domin iska ta ɗaga jirgin tun gudu bai yi yawa ba. Concorde ba shi da su. Fiffikensa mai kusurwa uku ne, an yi shi domin keta iska, ba domin tafiyar sannu ba.

Saboda haka sai ya kai kusan kilomita 400 a awa a kan titi kafin ya rabu da ƙasa, yana ɗauke da nauyin da ke iya kai tan 185. Fiye da rabin wannan nauyi mai ne.

Injinansa huɗu, samfurin Olympus 593, suna da wata dabara da aka fi sani a jiragen yaƙi. Ana fesa ƙarin mai a cikin zazzafan hayaƙin da ke fita ta bayan injin, ya kama da wuta, ya ƙara tura jirgin. Wannan wutar baya ita ce ke sa a ga harshen wuta a bayansa da dare, ita ce kuma ta sa ƙararsa ta addabi maƙwabtan filayen jirage.

A wasan, wanda ya ja sitiyari da wuri zai buga wutsiya a ƙasa. Wanda ya makara kuma titi zai ƙare masa. Wanda ya manta bai kashe wutar baya ba bayan ya ɗaga, zai ga allurar mai tana sauka kamar an huda tanki.

Aikin mutum na uku

Jiragen zamani mutum biyu ke tuƙa su. Concorde uku ne: kyaftin, da mataimakinsa, da injiniya mai zama a bayansu yana fuskantar bango guda cike da agogo da makunnai. A wasan, mutum ɗaya ne ke yin aikin ukun, kuma aikin injiniyan ne ke kayar da mafi yawan masu gwadawa.

Dalilin shi ne, idan jirgi ya tsallaka gudun sauti, wurin da iska ke tallafe fiffike yakan matsa baya. A Concorde matsawar ta kai kusan mita biyu. Idan ba a yi komai ba, hanci zai rinjaya ƙasa.

Duk wanda ya taɓa loda buhunan shinkafa a amalanke ya san wannan matsala. Kaya suka yi gaba, su danne dabba. Suka yi baya, su ɗaga ta. Maganin shi ne a matsar da kayan.

Kayan da Concorde ke matsarwa shi ne mansa. Yana da tankuna 13, wasu a fiffike, wasu a gaba, ɗaya a wutsiya. Yayin da gudu ke ƙaruwa, injiniya yana tura kusan tan 20 na mai zuwa baya. Idan za a rage gudu, ya dawo da shi gaba. Akwai agogon da ke nuna iyakar gaba da iyakar baya, kuma iyakokin suna sauyawa da sauyawar gudu. Aka kuskure, ƙararrawa ta kama kuka, jirgi ya ƙi bin umarni.

Tsarin tsallakawar a tsare yake. Ana tafiya a Mach 0.95 har sai an bar gaɓar teku. Daga nan a kunna wutar baya, biyu-biyu, a bar ta har Mach 1.7, sannan a kashe. Abin da ya bambanta Concorde da yawancin jiragen yaƙi na zamaninsa shi ne yana iya ci gaba da tafiya a Mach 2 na awoyi ba tare da ita ba.

Sirrin yana bakin injin. Inji ba ya iya haɗiyar iskar da ta fi sauti gudu. Don haka aka sa wasu ƙofofi masu motsi a mashigar iska, waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, suna rage gudun iskar zuwa kusan rabin na sauti cikin 'yan mitoci kafin ta isa injin.

Kebbi daga ƙafa 60,000

Da zarar komai ya daidaita, jirgin yakan fara daga wajen ƙafa 50,000, yana hawa a hankali yayin da mai ke ƙonewa nauyi na raguwa, har zuwa ƙafa 60,000, kimanin kilomita 18 daga ƙasa. Sauran jiragen fasinja ba kasafai suke wuce ƙafa 41,000 ba. A can sama takan yi shuɗi mai duhu, ana kuma iya ganin lanƙwasar duniya.

A waje sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili, amma matsewar iska tana sa jikin jirgin ya yi zafi. Iyakar da aka yarda tsinin hancin ya kai ita ce digiri 127, zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa. Idan allura ta doshi nan, dole a rage gudu.

Zafin yana sa jirgin ya ƙara tsawo da santimita 15 zuwa 25. Wani giɓi yakan buɗe a gefen allon injiniya, ya rufe idan jirgi ya huce. A tafiye-tafiyen bankwana na 2003 wasu injiniyoyi sun cusa hulunansu a giɓin, ƙarfe ya matse su bayan an sauka.

A wannan gudu ana cin kusan kilomita 36 kowane minti. Tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, tafiyar da mota ke yi a kusan awa biyu, ba za ta kai minti huɗu ba. Daga Birnin Kebbi zuwa Kano minti 13 ne. Gwandu da Kalgo kuwa kafin mutum ya gyara zama an wuce su.

Ɗan wasan da ya fito daga wannan yanki zai so ya gwada tafiyar da ya fi sani, wato ta aikin Hajji. Alhazan Gwandu da Kalgo daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa suke tashi, inda aka ƙaddamar da jigilar alhazan Najeriya ta 2024. Daga can zuwa Jidda, a miƙe ta kan Chadi da Sudan, kusan kilomita 3,900 ne. Jirgin yau da kullum yana yi a kimanin awa biyar. Concorde zai yi a wajen biyu da rabi.

Sai dai lissafin bai ƙare a nan ba. Cikakken tankinsa lita 119,500 ne, fiye da tankar mai uku da rabi irin masu lita 33,000 da ake gani a titunan Najeriya. Yana shan kimanin lita 25,600 a awa, domin mutum 100. Boeing 747 irin na jigilar alhazai yana kwashe sama da 400 a sawu guda, kuma man da yake sha a awa bai kai haka ba. Wanda ya yi wannan rabon a takarda ya riga ya san dalilin da ya sa ba da Concorde ake jigilar alhazai ba.

Sauka ta fi tashi wuya

Jirgin da ke cin kilomita 36 a minti ba a taka masa birki a ƙofar gari. Dole a fara rage gudu tun saura ɗaruruwan kilomitoci, ana sauka ana dawo da mai gaba. Wanda ya makara da minti biyar ya wuce da kilomita 180, kuma man zagayowa ba shi da yawa.

Kusa da ƙasa, fiffiken mai kusurwa uku ba ya riƙe jirgin sai an ɗaga gabansa sosai. Shi ya sa yake saukowa ƙirji a gaba kamar shamuwa, da gudun kusan kilomita 300 a awa, hanci a sunkuye domin matuƙi ya ga titi.

A wannan yanayi al'amarin yakan juye: gwargwadon raguwar gudu, gwargwadon ƙarfin injin da ake buƙata. Ɗan wasan da ya saba da ƙananan jirage, wanda ke sakin inji ya bar jirgi ya sulalo, zai ga ƙasa ta taso masa. Sannu ba ta hana zuwa, amma ga Concorde sannun da ta wuce kima ita ce haɗari.

Abin da wasan ba ya nunawa

Lokacin da allura ta wuce Mach 1, a cikin jirgin ba a jin komai. Fasinjojin gaske ma ba sa ji. Na ƙasa ne ke ji.

Jirgin da ya fi sauti gudu yana tara iska a gabansa da bayansa, tarin ya sauko ƙasa a matsayin ƙara biyu a jere kamar tsawa. Mutane da yawa suna zaton sau ɗaya ake yin ta, lokacin tsallakawa. Ba haka ba ne. Tana bin jirgin duk tsawon tafiyarsa, kuma daga ƙafa 50,000 faɗin yankin da ke jin ta ya kai kusan kilomita 80.

Ma'ana, da Concorde na gaske zai bi hanyar da ɗan wasa ya zana daga Ambursa zuwa Jidda, kowane gari da ruga da makaranta da asibiti da ke ƙarƙashin layin sai ya ji, a kowane sawu, alhali babu ɗan garin ko ɗaya a cikin jirgin.

An gwada wannan a kan mutane. A 1964 gwamnatin Amurka ta sa jiragen yaƙi suka yi irin wannan tsawa sau 1,253 a kan birnin Oklahoma cikin wata shida, domin a ga ko jama'a za su jure. Dubban koke-koke suka biyo baya kan fasassun gilasai da tsagewar bango. A 1973 Amurka ta haramta wa jiragen farar hula wuce gudun sauti a kan ƙasarta.

Ba manyan ƙasashe kaɗai suka ƙi ba. A watan Disambar 1977 aka buɗe hanyar Landan zuwa Singafo, amma bayan sawu uku aka dakatar saboda Malesiya ta ƙi yarda. Indiya ma ta hana shi wannan gudu a sararinta.

Najeriya ta kusa shiga lissafin. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin British Caledonian, wanda hanyar Landan zuwa Legas ce babbar hanyar samunsa, ya kafa kwamitin duba yiwuwar sa Concorde a kanta. Hanyar kusan duk a kan tudu take, ta Sahara da Nijar da arewacin Najeriya. Tashin farashin mai na 1979 ya sa aka watsar da shirin.

Me ya kawo ƙarshensa?

Tun kafin ya fara jigila kasuwa ta juya masa baya. Boeing 747 ya fito a 1970 da kujeru masu yawa da tikiti mai sauƙi. A farkon 1973 manyan kamfanonin Amurka, Pan Am da TWA, suka fasa saye. A ƙarshen shekarar farashin mai ya yi tashin gwauron zabo. Daga baya kamfanonin ƙasashen da suka ƙera shi kaɗai suka karɓa.

Hanin da aka yi masa a kan tudu ya tsare shi a tekun Atlantika. Hanyar Dakar da Rio ta tsaya a 1982. A 1997 tikitin zuwa da dawowa tsakanin New York da Landan ya kusa dala 8,000, don haka ya zama jirgin attajirai da shugabanni. Mobutu Sese Seko na Zaire ya sha ɗaukar hayarsa zuwa garinsu, Gbadolite.

Abokin gasarsa na Tarayyar Sobiyat, Tu-144, wanda ya riga shi tashi da wata biyu, sawu 55 kawai ya yi da fasinja kafin a janye shi a 1978.

Ranar 25 ga Yulin 2000, wani Concorde na Air France ya taka wani ƙarfe da ya faɗo daga wani jirgi a titin filin Charles de Gaulle. Taya ta fashe, ɓaraguzanta suka bugi fiffike, tankin mai ya tsage, wuta ta kama. Jirgin ya faɗa kan wani otal a Gonesse. Mutum 113 suka mutu, 109 a ciki, huɗu a ƙasa.

An yi gyare-gyare, ya dawo aiki a Nuwambar 2001, amma fasinja sun ragu bayan harin 11 ga Satumba, kuɗin kula da shi kuma ya ƙaru. Air France ya daina a watan Mayun 2003, British Airways kuma ranar 24 ga Oktoba.

Ana shirin dawo da irinsa

Ranar 28 ga Janairun 2025, ƙaramin jirgin gwaji na kamfanin Boom, mai suna XB-1, ya wuce gudun sauti a sararin Kalifoniya. Kamfanin yana shirin ƙera na fasinja, Overture, mai kujeru 64 zuwa 80 da gudun Mach 1.7. Hukumar NASA kuma ta ƙera X-59 domin gwada ko za a iya mayar da tsawar ta zama ƙara mai laushi. A watan Yunin 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin a janye haramcin 1973, a maye gurbinsa da ƙa'idar ƙara.

Idan waɗannan jirage suka tabbata, za su nemi hanya. Sararin Sahel babbar hanya ce tsakanin Turai da kudancin Afirka. An ga haka a watan Agustan 2023, lokacin da sojojin Nijar suka rufe sararin ƙasarsu, jiragen Turai suka riƙa dogon zagaye.

Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ba kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin samaniyarta. A Najeriya hukumar NCAA ce ke kafa ƙa'ida, NAMA ke kula da zirga-zirga. A Nijar da yawancin ƙasashen renon Faransa aikin kula da zirga-zirgar yana hannun ASECNA. Wata rana za a iya kawo musu takarda ana neman izini, kuma daga nesa mai zana taswira yana iya ɗaukar yankin a matsayin fili da ba kowa. Amsar da za su bayar tana buƙatar 'yan ƙasa da suka fahimci lissafin, suka kuma san waɗanda ke zaune a ƙarƙashin layin.

Daga wasa zuwa Zariya

Awoyin da aka yi a waya ko kwamfutar gida ba a ƙirga su wajen ba da lasisin tuƙi. Wasan ba ya koyar da yadda jiki ke ji idan jirgi ya karkata, ba ya kuma koyar da tsoro, tunda wanda ya faɗi zai danna ya sake.

Amma yana koyar da karanta agogon jirgi, da bin jerin matakai ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, da lissafin mai da nisa da lokaci, da Turancin da matuƙa ke magana da shi da hasumiya. Malamin kimiyya a makarantar sakandare, da kwamfuta ɗaya da FlightGear, zai iya nuna wa aji guda yadda zafi ke miƙar da ƙarfe da yadda nauyi ke rinjaya, abubuwan da ɗalibai suka saba haddacewa ba su gani ba.

Ƙofar gaske tana Zariya, a Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wadda aka kafa a 1964. Tana horar da matuƙa, da injiniyoyi, da masu ba jirage hannu daga hasumiya. Ana neman sakamako mai kyau a Turanci da Lissafi da Fiziks. Kuɗin karatun tuƙi miliyoyin naira ne, shi ya sa da yawa ke dogara da tallafin gwamnatocin jihohi, amma sauran fannonin ba su kai shi tsada ba, kuma babu jirgin da ke tashi sai da su.

A can Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Najeriya, ta yi karatu, daga baya ta shugabanci kwalejin. Barbara Harmer kuwa, mace ta farko da ta zama matuƙiyar Concorde mai jigilar fasinja a 1993, ta bar makaranta tana da shekara 15, ta fara da aikin gyaran gashi, da albashinta na wani aikin filin jirgi ta biya kuɗin darussan tuƙi na farko.

Ga mai son farawa, shawarar da masu harkar ke bayarwa ba ta sauya ba: a bar Concorde tukuna. A ɗauki ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya irin Cessna 172, a tashi daga Sakkwato, a zagaya, a sauka a kan titin da aka tashi. A maimaita har sai an daina faɗuwa.